Naman Layya: Tsakanin Kaskon Suya, Garwashi Da Tukunyar Farfesu

Da zarar mahauci ya gama fiɗa ya wanke wuƙarsa, sai magana ta koma hannun uwargida, kuma tambayar da ke gabanta ba ta wuce nawa za a soya, nawa za a dafa, nawa kuma za a fitar wa maƙwabta da 'yan uwa ba. Yawanci al'ada ce ke amsa wannan tambaya, wato abin da aka taso aka tarar ana yi a gidan. Amma gidan da ya haɗa dattijo mai hawan jini, da mace mai juna biyu, da samari masu ƙarfin ciki, da ƙananan yara, bai kamata a ce hanya ɗaya aka bi da ragon nan gaba ɗayansa ba, domin abin da zai ƙara wa ɗaya ƙarfi shi ne zai iya kwantar da wani.

Naman kansa ba abin gudu ba ne. Giram 100 na dafaffiyar tsoka yana ɗauke da kimanin giram 25 zuwa 30 na furotin, sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi, yana kuma da sinadarin ƙarfe wanda hanji ke ɗauka cikin sauƙi fiye da wanda ke cikin ganye da wake, ga zinki, ga bitamin B12 wanda ba a samunsa a hatsi ko kayan lambu. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, makon Babbar Sallah ne kaɗai lokacin da yaro zai ci nama ya ƙoshi a shekara, kuma ga mace mai fama da ƙarancin jini wannan mako alheri ne na gaske. Saboda haka duk mai ba da shawarar a ƙaurace wa naman layya bai san halin da yawancin mutane ke ciki ba. Abin dubawa shi ne yadda za a sarrafa shi, da kuma kwanakin da za a ɗauka ana cinsa.

Asusun binciken cutar daji na duniya, wanda ake kira WCRF, yana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, giram 500 ɗin kuwa ya yi daidai da kusan giram 700 zuwa 750 idan ɗanye ne. Mu ƙaddara bayan an fitar da sadaka da kyauta gida ya rage da kilo 12 na nama, manyan da ke gidan kuma su shida ne. Bisa wancan ma'auni, kilo 4 da rabi ne iyakar abin da za su ci a mako, ke nan naman ya kamata ya kai su kusan mako uku. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san rabinsa yakan tafi kafin a gama yawon sallah.

Suya ce sarauniya a wannan fage, kuma ba banza ta samu sarautar ba. Ana sulala naman da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ruwan ya tsotse, sannan a zuba shi a kasko cikin man gyaɗa ko narkakken kitsen ragon, a yi ta juyawa har ya bushe ya yi ja. Naman da aka kore wa ruwa haka ba ya ba ƙwayoyin cuta wurin zama da sauƙi, shi ya sa yake yin makonni a cikin bokiti ba tare da firji ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba zan ce wa kowa ya bar suya ba.

Sai dai farashinta yana da yawa. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, alhali na furotin ko na hatsi kalori 4 ne, kuma cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Da ruwa ya fita daga nama mai ya shiga, yankan da ya ƙanƙance a ido ya fi na da nauyi a jiki. Idan kuwa da kitsen rago aka soya, kusan rabinsa irin kitsen nan ne mai daskarewa, wanda ke ɗaga mugun kolestarol a jini. Wannan kitse ne farin abin da ake gani ya kwanta a gindin faranti idan nama ya huce, kuma shi ne ke manne wa mutum a saman baki idan ya bi shi da ruwan sanyi. Ga kuma man da aka fara suya da shi tun hantsi, aka yi ta ƙara masa sabo har magariba, ya yi baƙi yana hayaƙi. Man da ya sha wuta haka yana lalacewa ya fitar da sinadarai masu illa, kuma rowa ce marar riba a juye shi a galan a ce za a ƙarasa shi a miya.

Babbar illar suya a wurina ba ta cikin kasko, tana cikin bokiti. A gidan da na taso, akan ajiye bokitin nama mai murfi a ƙarƙashin gadon mahaifiyarmu, kuma babu wanda ke ƙirga sau nawa ake buɗe shi a yini. Wanda zai fita masallaci ya ɗauki biyu, wanda ya dawo daga makaranta ya ɗauki uku, baƙo ya zo a zubo masa da yaji a faranti a zauna a taya shi, da dare kuma a jefa wasu a miya. Babu wanda ya zauna ya ci nama da sunan cin abinci, amma idan aka haɗa abin da ya shiga cikin mutum ɗaya daga safe zuwa dare, ya ninka abin da zai ci a kan tuwo. Soyayyen nama ba ya buƙatar ɗumame, ba ya buƙatar cokali, ba ya cika ciki da wuri, shi ya sa ya fi kowane irin nama saurin kai mutum ga wuce gona da iri. Ciwon kai da kumburin ciki da taurin bayan gida da mutane ke kuka da su a mako na biyu bayan sallah, sau da yawa daga nan suke.

Gashi ya fi suya ta fuskar mai, domin maimakon nama ya sha, zubarwa yake yi. Haƙarƙari da sauran wurare masu kitse sun fi dacewa da garwashi, tun da wani kaso na kitsen zai tsiyaye kafin a sauke. Amma a nan ma akwai abin lura. Idan kitse ya ɗiga a kan wuta ta tashi, hayaƙin da ke komawa jikin naman yana ɗauke da sinadarai waɗanda bincike ya danganta da cutar daji, haka ma baƙin ɓawon da ke fitowa a inda nama ya ƙone. A shekarar 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sanya jan nama a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar, ta kuma sanya naman da aka adana ta hanyar gishiri ko hayaƙi a jerin waɗanda aka tabbatar, inda ta ce cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin dajin babban hanji da kashi 18 cikin 100. Kalmar da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan ita ce "kullum". Tsire ko balangun kwana biyu na sallah ba shi ne abin da ake magana a kai ba, amma hakan bai hana a gyara yadda ake gashin ba: a jira wuta ta mutu ta zama garwashi, a ɗaga naman daga kanta, a riƙa juyawa akai-akai, a kankare inda ya yi baƙi.

Mutanen Nijar suna da wata hanya da ta burge ni. A Yamai da Damagaram da Maraɗi, akan buɗe ragon gaba ɗaya a ɗaure shi a kan sanduna, a jera raguna a kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su yini suna shan zafi daga gefe, sai washegari a yanka a raba. Tun da ragon ba a kan wutar yake ba, kitsen ƙasa yake ɗiga, ba cikin harshen wuta ba. Abin da ya rage shi ne cikin cinya da sauran wurare masu kauri ba lallai zafi ya ratsa su ba, don haka sake dafa su ko soya su bayan rabo ba ɓata lokaci ba ne. Wajen babbakar kai da ƙafa kuwa, ko a ina ake, itace ko kara kaɗai ya kamata a yi amfani da shi. Tsohuwar taya da roba da katako mai fenti suna barin guba a fatar da za a ci, kuma wanki ba ya fitar da ita duka.

Idan lafiya kaɗai za a duba, farfesu ne a gaba, kuma ratar da ya ba sauran ba kaɗan ba ce. Ruwa ba ya wuce digiri 100 idan yana tafasa, don haka sinadaran da ƙuna ke haifarwa ba sa samuwa sosai. Ba a ƙara masa mai, wanda ya fito daga naman ma ana iya kwashe shi da ludayi idan ya taso sama, ko a bari ya ɗan huce ya daskare a ɗauke shi kamar faifai. Abubuwan gina jiki da suka narke cikin ruwa suna nan a romo ba su tafi ko'ina ba. Yana da laushi ga tsoho marar haƙora da yaro ɗan shekara biyu. Sannan romon yana cika ciki, ta yadda mutum zai ture kwano bayan yanka huɗu ko biyar, abin da ba ya faruwa da soyayye. Citta da masoro da kanumfari da kimba da daddawa kuma suna ba shi ɗanɗanon da zai sa a rage gishiri ba tare da an ji salam ba.

Maganar gishiri tana da muhimmanci a duk hanyoyin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A ranar sallah nama yakan sha gishiri sau uku: a wajen sulalawa, a cikin yajin da ake dangwalawa, da kuma miyar da aka jefa shi ciki. Mai hawan jini da ya ce shi ɗan kaɗan ya ci, yana iya faɗin gaskiya game da naman, amma yajin ya riga ya gama da shi.

Raunin farfesu ɗaya ne, ba ya ajiyuwa. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Ko dai a bar shi da zafinsa sama da digiri 60, ko a sa shi a sanyin da bai kai digiri 5 ba. A 2024 da 2025 duk a watan Yuni aka yi Babbar Sallah a Najeriya, lokacin da zafi da laima ke haɗuwa, kuma tun da sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, cikin tsakiyar bazara take nufa. Tukunyar kayan ciki da ta kwana a murhu a irin wannan yanayi, ko da an rufe ta, tana iya wayar gari da kumfa da tsami, kuma wasu ƙwayoyin cuta suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Saboda haka farfesu na ranar yanka ne da washegari, a dafa daidai cin gida.

Kayan ciki su ma ba matsayinsu ɗaya ba. Hanta tana da sinadarin ƙarfe da bitamin A da B12 masu yawan gaske, kuma ɗan yanki kaɗan ya ishi yaro ko mai shayarwa. Amma yawan bitamin A ɗin nan ne ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke shawartar masu juna biyu su guji hanta, saboda yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko. A nan al'adarmu ta tura wa mai ciki hanta don a ƙara mata jini tana buƙatar gyara, tsoka ta fi mata. Mai ciwon gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira gawut, wanda yakan tashi da dare a babban yatsan ƙafa, ya nisanci hanta da ƙoda da ma romonsu, domin sinadarin da ke tayar masa da ciwon yana narkewa a cikin ruwan. Ƙwaƙwalwa tana da kolestarol mai yawan gaske. Duk hanta ko huhun da aka ga yana da ƙuraje, ko farin ƙulli, ko tsutsa a ciki, binne shi za a yi, ba a yanke wurin a ci sauran ba.

Dambun nama da kilishi suna tsakiya, kuma a ganina dambu ne bai samu darajar da ta dace da shi ba. Tsoka zalla ake yin sa da ita, a dafa ta yi lugub, a daka a turmi, a soya har ya bushe. Idan mai yin ba ta cika masa mai ba, yana ajiyuwa kamar soyayye, amma ya fi shi auki nesa ba kusa ba: cokali biyu a kan shinkafa ko a cikin burodi sun wadatar da yaro, kilo ɗaya sai ya yi wa gida kwanaki. Sharaɗinsa shi ne a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumin da ya taru a murfi zai jawo fumfuna. Kilishi kuwa ba shi da kitse sai na gyaɗar labu, kuma ya fi duka daɗewa, sai dai gishirinsa yana da yawa, yana kuma kusa da rukunin naman nan da aka adana da gishiri. Yana son rana mai ƙarfi da busasshiyar iska, abin da ba a samu da damina, ga ƙuda da ƙura idan ba a rufe shi da raga ba. A kuma tabbatar gyaɗar labun ba mai fumfuna ba ce, domin irin wannan gyaɗa tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hantar mutum. Wanda bai iya ba, gara ya kai wa masu sana'ar su yi masa.

Mai firji da wutar da za a dogara da ita ya fi kowa sauƙi, domin zai iya ƙulla ɗanyen naman a leda daidai girki ɗaya-ɗaya ya daskarar, ya riƙa farfesu ko miya har wata biyu ko uku. Wanda wutarsa ke zuwa tana tafiya kuwa, naman da ya narke ya sake daskarewa sau uku ya fi na bokiti haɗari.

Abin da ke gefen naman yana iya gyara shi ko ya ƙara masa nauyi. Nama ba shi da harza ko kaɗan, wato irin dusar nan ta ganye da hatsi da ke sa hanji ya yi aiki, shi ya sa bayan gida ke tauri a makon sallah. Tuwon shinkafa ko waina da miyar taushe mai kabewa da alayyafo sun fi soyayyiyar shinkafa da soyayyen nama da soyayyen dankali a faranti ɗaya, inda mai ya hau kan mai. Kwaɗon zogale ko na rama, ko yankakken kabeji da tumatir da albasa da kokwamba a gefen tsire, su ne mafi arhar abin da za a saya a ranar, kuma su ake mantawa. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa ake so mutum ya ci a yini, sallah ba ta ɗauke wannan ba.

A wajen abin sha, yawancin lemon kwalba yana da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta kai giram 50, wanda shi ne iyakar da ake so babban mutum ya tsaya a kai a yini guda. Zoɓo ya fi shi, har bincike da dama ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, amma bai zama madadin magani ba, kuma zoɓon da aka juye wa gwangwani uku na sukari bai bambanta da lemon ba sai a launi. Kunun aya yana da daɗi da amfani, sai dai ba ya yini a zafi.

Wanda ya tambaye ni yadda zai raba ragonsa, zan ce ya fara da fitar da na mutane tun naman yana sabo. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku a shekarar da mabuƙata suka shigo Madina, daga baya ya ba da izinin a ci a ajiye, kuma naman da ya tafi gidan da ba su yi yanka ba ya fi amfani a jikinsu fiye da yadda zai yi a jikin wanda ya riga ya ƙoshi. Kayan ciki da kai da ƙafa su tafi farfesu a kwana biyun farko. Haƙarƙari ya hau garwashi. Tsokar cinya a yi dambu da ita. Abin da ya rage a soya da sabon man gyaɗa, a tsane shi a kwando kafin a zuba a bokiti, kuma bokitin ya zama na miya: uwargida ta ɗebo na girkin rana ta mayar da murfi.

Dattijo mai hawan jini a ɗebar masa farfesunsa kafin a sa dunƙule na ƙarshe, a kuma ɗauke yaji daga gabansa. Mai ciwon suga ya fi buƙatar sa ido a kan waina da cincin da lemo fiye da naman, kuma kada hidimar sallah ta sa ya tsallake maganinsa. Mai gyambon ciki ya rage attaruhu da cin dare, ko da yake ba yaji ne ke haddasa gyambon ba, tayar da shi yake yi. Mai ciwon ƙoda ya tsaya a kan adadin da likitansa ya yanka masa, domin shi yawan furotin kansa nauyi ne a gare shi. Jelar ragon da wasu gidaje ke ajiyewa don cika-ciki kuwa, wata guda cur za ta yi kafin 10 ga Muharram, kuma kusan duk kitse ce; a yi mata banda ta bushe sosai, a rataye ta inda iska ke ratsawa, ranar da za a sa ta a tukunya kuma a fara shinshina ta, idan ta yi warin tsohon mai a bar ta.